Yadda zaka binciko tarihin tsohon cocin zamanin Turawa da kanka

Jama'a barkanmu da war haka. Akwai abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, duk garin da ka shiga a kudancin Gombe yanzu, Kaltungo ne ko Billiri ko Tula ko can Filiya, kai har cikin garin Gombe da Bauchi, zaka tarar ana ta ɗora sabbin majami'u manya-manya da tayil da gilashi, to madalla, jama'a sun ƙaru dole a faɗaɗa, ban ce kar a yi ba. Amma tsohon ginin fa? Wanda kakanni suka ɗauko dutse a ka, mata suka ɗebo ruwan kwaɓi tun daga rafi, sai kawai a wayi gari an sa masa diga an cike rami da ƙasarsa, babu hoto babu awo, ba wanda ya rubuta ko layi ɗaya. In yara suka tambaya gobe sai a ce ai da akwai wani a nan wajen, shikenan.

Shi yasa na ce bari in rubuta yadda mutum zai yi aikin nan da kansa, ba sai yana da digiri a tarihi ba. Waya mai kyamara, tef na awo, littafi da fensir, tocila, sai haƙuri. Zan fi kawo misali da cocin Methodist don gininsu yana da alamomi masu saurin ganewa, amma hanyar ɗaya ce ko na ECWA ne ko COCIN ko Angilika. Kuma ba Kirista kaɗai nake yi wa magana ba, ɗan'uwa Musulmi da ke karanta tarihi ko zanen gine-gine a jami'ar ATBU ta Bauchi ko ta Kashere ko jami'ar jihar Gombe, kai ma naka ne, ƙasar garinku aka kwaɓa aka gina shi.

Kafin ka taka ƙafarka can ka ɗan san asalin mutanen, in ba haka ba duk abin da aka faɗa maka zaka haɗiye. John Wesley ɗan Ingila ne, an haife shi 1703 ya rasu 1791, kuma limamin cocin Ingila ne har ƙarshen ransa, sai dai shi ya fita fili yana wa talakawa da masu haƙar kwal wa'azi, yana yawo a kan doki gari-gari. Ƙanensa Charles ya rubuta waƙoƙin sujada sama da 6,000. Ginin farko da mabiyansu suka yi a Bristol ne a 1739, sai na titin City Road a Landan a 1778. Ka riƙe wannan da kyau don shi zai buɗe maka ido in ka shiga ciki: mutane ne da wa'azi da waƙa suka fi komai girma a wurinsu, to gininsu ma an tsara shi ne yadda kowa zai ga mai wa'azi ya kuma ji shi sarai ba tare da lasifika ba.

A Najeriya kuma ta ƙofa biyu suka shigo. Thomas Birch Freeman, wanda babansa baƙar fata ne uwarsa Baturiya, ya sauka Badagry ranar 24 ga Satumba 1842 daga ƙasar da yanzu ake kira Gana, kafin shekarar ta ƙare ya leƙa Abekuta. Ɗaya reshen, su Primitive Methodist, sun tsallako daga tsibirin Fernando Po a 1893 suka fara a yankin Kalaba da Oron, daga baya suka shiga ƙasar Ibo. A 1932 rassan suka haɗe a Ingila, a 1962 cocin Najeriya ya tsaya da ƙafarsa. Af, wancan benen na Badagry na 1845 da ake yawan sa hotonsa a Facebook, na 'yan CMS ne wato Angilika, kar ka rubuta shi a matsayin na Methodist, na sha ganin ana cakuɗa su.

Nan Arewa labarin daban ne, kuma nan ne mutane suka fi zamewa. Turawa sun ci Bauchi a 1902, kuma gwamnatin su Lugga ta yi wa sarakuna alkawarin ba za ta taɓa addini ba, don haka ba a bar 'yan mishan sun kafa a cikin biranen masarautu yadda suke so ba, sai aka bar musu kan duwatsu da ƙasashen da ba Musulmi ba. Shi yasa 'yan mishan na SIM, wato Sudan Interior Mission, suka sauka Kaltungo a 1917 suka bazu a Tangale da Waja, su ne suka zama ECWA a 1954. Methodist kuwa galibi ba Bature ne ya kawo shi garuruwan Arewa ba, Yarbawa ne da Ibo da mutanen Kalaba, akawuna da 'yan kasuwa da ma'aikatan reluwe, su suka taho da cocinsu suka kafa a Sabon Gari da unguwannin baƙi. To ga inda zaka sa lura. Jirgin ƙasa ya isa Kano tun 1911, amma bai shigo Bauchi ba sai 1961, Gombe 1963, Maiduguri 1964, duk bayan 'yancin kai. Wancan ƙaramin layin dogo da aka sa wa sunan Bauchi a zamanin Turawa, daga Zariya ya tashi ya nufi Jos saboda kuza, bai taɓa zuwa garin Bauchi ba. Saboda haka in wani ya ce maka ma'aikatan jirgi ne suka gina cocin nan na Gombe a zamanin Turawa, maganar ta ci karo da kanta, ko dai ba 'yan reluwe ba ne ko kuma ba zamanin Turawa ba ne, sai ka tona. Haka kuma garin Gombe na yanzu sai 1919 aka dawo da hedikwatar masarauta cikinsa daga Nafada, wannan ma ma'auni ne a hannunka.

Sannan Methodist ba iri ɗaya ba ne a yankinmu, kar ka haɗa su. Akwai Methodist Church Nigeria mai asali daga Ingila, akwai United Methodist mai asali daga Amurka, wanda ya yi ƙarfi a Taraba wajen Bambur da Jalingo ya kuma shigo ƙasar Pero, su Filiya a ƙaramar hukumar Shongom. 'Yan mishan ɗin da suka fara aikin Bambur a 1923 na wani coci ne na Amurka mai suna Evangelical, a ƙarƙashin inuwar ƙungiyar mishan ta SUM, wato Sudan United Mission, suke aiki, sai a 1968 cocinsu na can gida ya haɗe da Methodist. Kaga kenan in kana neman takardun tsohon gini a wannan yankin ka je kana tambayar Methodist a fayilolin 1930 ko 1940 ba zaka samu komai ba, da sunan SUM zaka nema, ko a takardun da suka biyo baya EKAS na Muri, wato Ekklesiyar Kristi a Sudan, sunan da cocin yankin ya ɗauka. Kuma alamar gicciye da harshen wuta da ke jikin ƙofa daga 1968 ta fara, in ka ganta a tsohon bango to daga baya aka ƙara.

Yanzu maganar zuwa. Don Allah kar ka dira da waya a hannu kana ta ɗaukar hoto ta bayan katanga, kowa ya san abubuwan da suka faru a jihohin nan da yadda ake tsaron wuraren ibada, masallaci da coci duka, za a tsare ka kuma da gaskiyarsu. Ka nemi wanda ya san wani a ikilisiyar ya kai ka wurin Rabaran ko sakatare, ka je da takarda daga makarantarku in ɗalibi ne kai, ka yi gaisuwa yadda ta kamata, Baba Rabaran ina wuni, ya aikin Ubangiji, ya jama'a, sannan ka faɗi abin da ya kawo ka da abin da zaka yi da hotunan. Sau da yawa zai ce sai ya faɗa wa dattawa, to ka jira, kar ka matsa. In a ƙauye ne ka biya ta wurin mai unguwa ko dagaci. Ka zaɓi ranar Talata ko Alhamis da safe lokacin da ba sujada ba koyon waƙa. Kuma ka yi alkawarin zaka kawo musu kwafin duk abin da ka rubuta, ka cika.

Ranar farko kar ka yi saurin shiga ciki. Zagaya ginin a hankali sau biyu ko uku tukunna, ka duba ƙasan bango ta gaba, dama da hagun babbar ƙofa, nan ake sa dutsen aza harsashi. 'Yan Methodist suna da al'adar sa duwatsu fiye da ɗaya, kowane da sunan wanda ya aza shi ko ƙungiyar da ta ba da kuɗi, wani lokaci jere guda a ƙasan bango. Matsalar ita ce fenti, an shafe shi sau goma har rubutun ya cike. Kar ka kankare da wuƙa ko buroshin ƙarfe, zaka cinye harufan. Abin da zaka yi, ka zo da sassafe ko da yamma lis lokacin da rana ke bugun bangon a karkace, ko ka sa wani ya riƙe maka tocila daga gefe dab da bango ba daga gaba ba, sai kaga inuwa ta faɗa cikin ramin kowane harafi, abin da kake zaton shafaffen siminti ne ya fara fitowa, 19 da wani abu, sai ka matsar da hasken sama da ƙasa har ka rabe 3 da 8, ko 1 da 7, don waɗannan su suka fi ruɗi. Ka ɗauki hoto ta kowane ɓangaren haske, ka kuma kwafa da hannu yadda yake, layi-layi, inda bai karantu ba ka bar gurbi kar ka cike da hasashe. Sannan ka sani shekarar da ke jikin dutsen ta aza harsashi ce, ba ta buɗewa ba. Ikilisiya mai tara kwabo-kwabo tana iya shekara biyar ko goma kafin ta ɗora rufi. Wani lokacin ma dutsen na ginin farko ne aka ciro aka manna a na biyu, ka duba ko simintin da ke kewaye da shi ya yi daidai da na sauran bangon.

Daga nan sai kayan ginin. Nemi inda filasta ta ɓare, galibi ta baya ko ƙasan taga, ka leƙa abin da ke ciki. In ka ga tubali irin namu na gargajiya mai ƙwan kai da aka mulmula da hannu, to maginan gari ne da hanyarsu ta da. In bulon ƙasa ne mai kusurwa huɗu da aka buga a akwatin katako aka shanya a rana, wannan hanyar 'yan mishan da ma'aikatan gwamnati suka fi yaɗa ta. A wuraren duwatsu kamar Tula zaka ga dutse ne aka jera da laka a tsakani, mutanen wurin dama gwanayen jera dutse ne tun kafin Bature, dubi gonakinsu na kan tudu. Akwai jan bulo gasasshe, akwai marmara da aka sassaƙa. Bulon siminti tun daga ƙasa har sama kuwa ya kamata ya sa ka ɗan dakata, saboda a zamanin Turawa daga waje ake shigo da siminti kuma da tsada, kamfanin farko a ƙasar nan na Nkalagu sai 1957, namu na Ashaka kuma 1979. Ba wai babu ginin siminti kafin nan ba, akwai, amma ƙaramar ikilisiya ta fi tanadinsa don daɓe da linta da matakala. Ka auna kaurin bango a bakin taga, na ƙasa ko dutse zaka samu ya kai ƙafa ɗaya da rabi ko biyu, na bulon siminti inci 6 ne ko 9. Kuma duk awonka ka yi shi da ƙafa da inci tukunna kafin ka juya zuwa mita, da su aka gina, sai kaga lissafin ya fito cif, misali 60 a 30, in kuma ka ga tsawon ya fita daga tsari to wataƙila an ƙara gini, je ka nemi layin haɗin a jikin bango, yana nan, tsaga ce miƙaƙƙiya daga sama zuwa ƙasa ko wurin da tagogi suka canja fasali.

Tagogin nan masu tsini a sama da kowa ke cewa ai tagar coci ce, salon Gotik ne na Turai. Su Wesley na farko ba su damu da shi ba, ɗakin wa'azi kawai suke yi mai kusurwa huɗu, shi Wesley ma har mai kusurwa takwas yake so. Sai wajen tsakiyar ƙarni na 19, musamman bayan wani limaminsu Frederick Jobson ya yi rubutu a 1850 yana goyon bayan salon, suka rungume shi, 'yan mishan suka taho da shi Afirka. A nan sai zafi ya tilasta aka sauya abubuwa, tagogi suka yi yawa suna kallon juna don iska ta ratsa, ƙyauren katako maimakon gilashi, rufi ya yi tsayi ya kuma zarce bango sosai don ruwan damina kar ya daki ƙasar. Gilashin luba da tagar alminiyom duk gyaran baya ne. Ka duba madogaran bango, ginshiƙan nan da ake mannawa ta waje, wasu na asali ne wasu an ƙara su da bango ya fara buɗewa. Kwanon rufi na da yana da kauri da nauyi, in an sauke wasu an jingine a bayan gidan fasto ka juya cikinsu, wani lokaci tambarin kamfanin yana nan. Kuma da yawa da ciyawa aka fara rufa su, shekarar da aka sa kwano babbar shekara ce a tarihin ikilisiya, tsofaffi ba sa manta ta.

In kana son ka ga yadda coci ke zama in an bar maginan Hausa sun yi shi da hanyarsu, ka je Wusasa a Zariya ka ga St Bartholomew na Angilika da aka gina a 1929, ginin ƙasa ne da bakan gizo a ciki. Sai ka kwatanta da gidan Madaki na Kafin Madaki nan Bauchi, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, zaka ga hannu ɗaya ne na sana'a, azara da laka da makuba. Wannan tafiyar tana gyara wa mutum ido ƙwarai.

To yanzu shiga ciki, ka tsaya a bakin ƙofa ka ga ina idonka ya fara sauka. A tsohon tsarin Methodist mumbarin wa'azi ne a tsakiya, a sama, da matakala, teburin jibin Ubangiji yana ƙasansa da ɗan shingen katako inda ake durƙusawa. A Angilika kuwa bagadi ne can ƙurya a tsakiya, mumbari yana gefe. Majami'u da yawa sun matsar da mumbarin daga baya, don haka ka duba daɓe, sawun inda yake a da yana nan, ko ramukan ƙusa ko siminti mai wani launi. Ka nemi allon lambobin waƙa a bango, da ɗan benen katako na ciki in akwai, inda 'yan kwaya ko yara ke zama, da tsohon ogan mai feda da ake takawa da ƙafa, galibi yana can ɗakin ajiya ƙura ta rufe shi, buɗe murfin zaka ga sunan kamfani da garin da aka ƙera shi. Juya benci ɗaya ka ga ƙasansa, maɗaci ne ko loko, da ƙusa aka haɗa ko an sassaƙa an cusa juna, akwai sawun zarton hannu ko na inji. Allon sunayen limamai ma yana magana, a Methodist ana juya su daga wuri zuwa wuri bayan 'yan shekaru, shi yasa zaka ga sunaye da yawa da gajerun shekaru, kuma daga sunayen kaɗai zaka gane lokacin da ikilisiyar ta tashi daga hannun baƙi ta koma hannun 'yan ƙasa. Ka lura da shekarun 1966 zuwa 1970, lokacin rikici da yaƙin basasa, majami'un 'yan kudu da dama a Arewa sun zama kango a lokacin, in ka ga gurbi a jerin to ka tambaya a hankali, akwai ciwo a wurin.

Ƙararrawa kuma kar ka hau hasumiya kai kaɗai, katakon da gara ta cinye daga waje lafiya lau yake. Ka ƙwanƙwasa da bayan wuƙa, in ya yi ƙarar fanko ka sauka. In ta zubi ce daga Turai sunan maƙera da shekara suna jikinta a zagaye. Wurare da yawa kuma ba su taɓa samun irin wannan ba, guntun ƙarfen dogo ne ko wilin babbar mota aka rataya a bishiya, shi ma ka ɗauke shi hoto ka tambayi daga ina ya zo. Ka leƙa maƙabarta in tana kusa, da tsohuwar makaranta da gidan mishan da rijiya, sau da yawa ajin makarantar ya girmi cocin, a cikinsa aka fara sujada.

Sai takardu, nan ne zaka sha mamaki. Ka tambayi sakatare ko akwai tsohuwar adaka ko kabad da ba a buɗewa. Abin da kake nema rajistar baftisma da ta aure, littafin ma'aji, littafin da ake rubuta abin da aka tattauna a taron dattawa, da takardar fili. A Methodist akwai ƙari, suna raba mambobi aji-aji kowane da shugabansa, ana ba da ɗan kati duk wata uku, akwai kuma takardar da ke nuna wanda zai yi wa'azi a kowane coci kowace Lahadi, tsofaffi suna ajiye irin waɗannan a cikin Littafi Mai Tsarki nasu. Littafin ma'aji ya fi kowanne daɗi ga mai binciken gini, a ciki zaka ga an sayi bandir na kwano kaza, an biya birkila, an biya kafinta, da kwanan wata. Kuɗin fam da sule da kwabo ne, kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya, naira sai 1973. Ka shimfiɗa tabarma mai tsabta a inuwa, ka wanke hannu ka shanya, ka buɗe a hankali, hoto shafi-shafi har da bango da shafukan da ba komai, ba filasha, ba lasar yatsa, ba salatif, kuma don girman Allah kar ka ba da shawarar a kai a yi musu laminatin, zafi da gam ɗin suna kashe takarda kuma ba a cirewa. Kar ka fita da ko takarda ɗaya daga harabar. Rajistar baftisma da aure kuma sirrin iyalai ne a ciki, ba abin watsawa a intanet ba ne.

Tsofaffi su ne suka fi gaggawa, in ma lokacinka kaɗan ne to fara da su, bango zai jira ka. Ka je gida ka same su, ɗan sabulu ko sukari a hannu, ka nemi izini kafin ka kunna rikoda. Kar ka ce Baba a wace shekara aka gina, zai ba ka lamba don kar ya kunyata ka. Ka ce Baba, lokacin da aka sa kwanon nan kuna aji nawa, kun yi aure ko tukunna, kafin zuwan Sarauniya ne ko bayansa? Zuwan Sarauniya 1956 ne, yaƙin Hitila 1939 zuwa 1945, 'yancin kai 1960, komawa tuƙin hannun dama 1972, da waɗannan zaka ɗaure shekarun. Kuma kar ka tsaya kan maza, je wurin tsofaffin zumuntar mata, Mama su wa suka ɗebo ruwa, daga wace rijiya, wace waƙa kuke yi kuna dakan daɓe? Su suke riƙe da sunayen da allon bango bai ɗauka ba. In Mama ta fi sakewa da Tangale ko Tula ko Waja ko Pero, nemo jikanta ya yi tafinta, kar ka tilasta mata Hausa. Tambayar da na fi so a yi ita ce wa ya ba da filin, da wa ya yi ginin da hannunsa, don tarihin da ake karantawa ranar biki kullum sunan Bature ne a gaba, magini da kafinta da mai bishara ɗan gari ba a ambatonsu, kuma wannan rashin adalci ne da kai zaka iya gyarawa.

In da hali ka leƙa Kaduna, gidan adana takardun tarihi na ƙasa, ka nemi fayilolin lardin Bauchi da ake wa laƙabi da Bauprof, Gombe ma a ciki take tunda lardi ɗaya ne a da. 'Yan mishan ba sa kafa tasha sai da izinin Razdan, to takardun neman fili da amsar Di'o kan kasance a can, wani lokaci har da ɗan zanen filin. Gidan Arewa ma yana nan Kaduna. Takardun ƙungiyar mishan ta Methodist ta Ingila kuwa suna makarantar SOAS a Landan, kana iya duba jerinsu ta intanet ka aika musu saƙo.

Kwamitin gini zasu tambaye ka shawara tunda sun ga kana ta aune-aune. Ka ce musu rufi tukunna, yoyo shi ke kashe ginin ƙasa, sai magudanar ruwa a gindin bango, sai maganin gara. Kar a lulluɓe bangon laka da filastar siminti mai kauri, danshi yana maƙalewa a ciki ya rasa hanyar fita, bangon ya ruɓe a ɓoye wata rana ya zubo gaba ɗaya, a nemo tsohon magini ya yi yaɓe irin na da. Tsohon ginin yana iya zama ajin Lahadi na yara ko ɗakin karatu. In ginin ya kai a kira shi kayan tarihi, hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ce ke da hurumin sa shi a jerinta, a rubuta mata.

Wajen rubutawa ka raba abu uku kar su cakuɗe, abin da ka gani da idonka a dutse ko takarda, abin da aka faɗa maka da sunan wanda ya faɗa in ya yarda, da abin da kai ka hasaso. In dutse ya ce 1938 Baba ya ce bayan yaƙi, rubuta duka biyun, mai yiwuwa kowa na da gaskiya, ɗaya harsashi ɗaya rufi. Ka sa zanen ginin da awo da alamar gabas, hotunan kuma ka sa wa kowane suna da kwanan wata ka tura su imel ɗinka da na sakatare, kar ka bar su a waya kaɗai. Ka buga a takarda kwafi uku ko huɗu, ɗaya na ikilisiya, ɗaya na hedikwatar cocin, ɗaya na laburaren makarantarku. Ɗaya kuma ka kai wa dattijon da ya fi ba ka lokaci, in idonsa ya yi rauni ka zauna ka karanta masa da fensir a hannunka, don sai ya gyara maka sunaye biyu ko uku a nan take.